Babban Joji Mai Guga da Injin Yaya

Shagon nasa ba wani girma gare shi ba. Teburin guga ɗaya ne, dutsen guga uku, biyu na gawayi, ɗaya na lantarki wanda ya fi zama a kan kanta saboda wuta ba ta da alƙawari. Sai igiya da aka ja daga bango zuwa bango, baƙaƙen rigunan lauyoyi na reto a kanta. A ƙofa akwai benci biyu, ɗaya mai ƙafa huɗu, ɗaya mai ƙafa uku da bulo. In ka zauna a kan mai bulon ka ɗan miƙa wuya, ga ƙofar kotu nan, tsallaken titi kawai.

Lauyoyi ne suka laƙaba masa Babban Joji, da wasa, sunan kuwa ya bi shi har gida. Matarsa ma in za ta miƙo masa abinci sai ta ce, "Ga shi, Allah ya ja zamanin kotu." Tun yana saurayi yake guga a wurin nan, yanzu gemunsa ya fi fari yawa. Ya san wanda ke son sitaci ya yi tauri a ƙyallen wuya har ya riƙa kartar haɓa, ya san wanda ke son laushi. Ya san wanda aljihun rigarsa ke yagewa kullum saboda cusa waya biyu. In aka kawo riga ba a faɗi mai ita ba, kafaɗar kawai zai duba ya ce ta wane ce.

Da safe ne kasuwarsa ke ci. Lauyoyi kan faɗo a gurguje, su tsaya da fararen riguna suna jiran a wuce musu baƙar da dutse, kuma lauya ba ya iya tsayuwa shiru. Wannan ya ce babbar kotu ta kwafsa a shari'ar jiya, wancan ya ce a'a, kai ne ba ka karanta hukuncin har ƙarshe ba. Shi kuwa hannunsa na kan dutse, kunnuwansa biyu na wajensu. Haka ya tsinci shari'a, guntu-guntu, kamar kaza a bakin rumbu, kuma Allah ya ba shi kai mai riƙo. Abin da ya ji sau ɗaya ya zauna ke nan.

In kotu ta tashi aka yi la'asar, sai benci ya cika. Mai shayi ya matso da tukunyarsa, direban tasi ya faka, mai gadin kanti ya leƙo, mai faci ya wanke hannu rabi da rabi ya zo ya zauna a kan mai bulo, don ya ce shi kaɗai ya san lagonsa. Sai Babban Joji ya jingine dutse ya buɗe zama.

"Yau an yi hukunci mai daɗi," in ji shi wata rana. "Mai gida ya cire wa ɗan haya rufin ɗaki don ya tashi. Kotu ta ce ya mayar da kwano da kansa, kuma ya ba shi wa'adi a rubuce kamar yadda doka ta ce."

"To gidan wa?" in ji direba. "Mutum da gidansa?"

"Gidansa ne, amma barcin na ɗan haya ne. Ka sayar wa mutum inuwa, sannan ka dawo ka sare bishiyar?"

"Allah ya ja da ran Joji," in ji mai faci. "Saura hular gashin nan kawai. Mu haɗa mu saya maka akuya fara mu yanke jelar."

Aka kwashe da dariya, shi ma ya dara. Ba a banza mutane ke taruwa ba. Ya iya warware magana mai ƙulli ta zama kamar hirar gida. A bencin nan mai gadi ya fara jin cewa 'yan sanda ba su da ikon ajiye mutum yadda suka ga dama ba tare da kai shi gaban alƙali ba, kuma maganar ta yi masa rana lokacin da aka kama ƙaninsa. Mutum nawa suka zo da fuska a murtuke suka tafi da sauƙi a zuciya, shi kansa ya daina lissafi.

Abu ɗaya ne ba kowa ya sani ba. Duk shekarun nan, Babban Joji bai taɓa taka cikin ɗakin shari'a ba. In an tambaye shi sai ya ce ai lokacin zaman kotu shi ne lokacin aikinsa, wa zai bar wa gawayi? Gaskiya ne, amma rabinta. Ɗaya rabin shi ne in ya hango ɗan sandan ƙofa da mutanen da ake shiga da su da ankwa, sai tsoro ya kama shi. Ya fi son shari'a ta tsallako titi ta same shi.

Yana da yaya mace, ita kaɗai ta rage masa. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta saya masa dutsen gugarsa na farko, kuma har yau Auta take ce masa ko a gaban wa. Mijinta ya rasu ya bar mata gida da injin niƙa a ɗakin da ke bakin ƙofa. Da injin nan take ci da kanta da jikoki uku da 'yarta ta rasu ta bari. Tun safe mata ke jera kwanuka da bokitai a ƙofarta, mai hatsi, mai markaɗe, ita kuwa ta ɗaure ƙugu da ɗankwali, gira da gashin ido duk gari.

Ran nan ana tsakiyar zama sai ga ta, ta sha mayafi, tana tafe tana waige kamar wadda ta ɗauko abin sata. Maza suka gaishe ta suka matsa. Ta kwance bakin mayafi ta fito da takarda.

"Auta, duba min. Wai sammaci ne."

Maƙwabcinta ne ya kai ƙara, wani tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya ya sayi gidan da ke manne da nata. Yana neman kotu ta rufe injin, wai ƙara da girgiza sun hana iyalinsa sakat.

"Ni da girmana, a tsayar da ni gaban mutane ana min tambaya?" in ji ta. "Ko a mafarki ban taɓa zuwa kotu ba. Me zan ce wa jikokina?"

Babban Joji ya karanta ya sake karantawa, sai ga murmushi. Abin ya zo a kan gaɓa. Bai fi 'yan makonni ba da lauyoyi suka kusa fasa masa shago da gardama a kan wata shari'a ta gidan burodi. Wani ya gina gida kusa da tanda, sannan ya kai ƙara hayaƙi na damunsa, babbar kotu ta ce wanda ya zo ya tarar da sana'a ba zai tashe ta haka kawai ba.

"Yaya, wa ya riga wani zuwa unguwar, injin ko Malam?"

"Haba, ai injin ya girmi 'yata ta fari."

"To an gama. Babbar kotu ta riga ta yanke wannan. Ƙaramin alƙali ba ya tsallake maganar babba, kamar yadda ɗa ba ya tsallake maganar uba. Yana buɗe takardar zai ga an riga an yi hukunci, ya kori ƙarar. Ki koma ki kunna injinki."

"Ba sai na je ba?"

Ya dubi fuskarta, ya ga yadda take roƙonsa da ido ya ce a'a. Ya dubi benci, ido goma sha biyu duk a kansa.

"Me za ki je yi? A wahalar da ke a rana? Doka ta riga ki isa can."

"Ni dai da ni ne, da na je," in ji mai faci yana sosa ƙeya. "Ko taya ce aka ce tana da lafiya, sai na tsoma ta a ruwa na gani."

"Shi ya sa kai faci kake yi," in ji direba, aka sake dariya.

Yaya ta tafi tana sa masa albarka. Da takarda ta biyu ta zo, ba ta ma tako ba, aike ta yi, ya ce a gaya mata maganar tana nan yadda ya faɗa.

Wata rana da hantsi, yana cikin hura gawayi, maƙwabciyar Yaya ta iso tana haki. Ma'aikatan kotu sun zo, sun sa kwaɗo a ɗakin inji, sun manna takarda a ƙofa. Alƙali ya saurari mai ƙara shi kaɗai, tunda wadda ake ƙara ta ƙi zuwa, ya ba shi abin da ya nema.

Bai san lokacin da ya bar shago a buɗe ba. Tun daga bakin layi ya ji abin da bai taɓa ji ba a unguwar, shiru. Mata biyu sun juya da kwanuka a ka, suna shawarar wani injin a gaba. Kwaɗon sabo ne fil, yana ƙyalli. Ya shiga ya same ta zaune a tabarma, hannuwanta a kan cinya, tsaf, babu gari ko ɗigo. Bai taɓa ganin hannun Yaya haka da rana ba.

Ya shirya wa faɗa, ya shirya wa kuka. Ita kuwa ta tashi ta ɗebo masa ruwa a kofi, ta jira ya sha.

"Auta, cewa ka yi an gama."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Washegari ya buɗe shago, amma bakinsa a rufe. Lauyoyi suka yi ta gardamarsu, ko ɗaga kai bai yi ba. Cikin masu zuwa akwai wata Barista, mace mai saurin tafiya da saurin magana, wadda ya sani tun ranar da ta fara aiki. Rigarta ta farko ta yi mata tsawo tana sharar ƙasa, shi ya kalmashe mata da allura a tsaye, tun daga nan take ce masa Baba. Ta karɓi rigarta ta ɗaga, ta ga kari biyu a hannu ɗaya.

"Baba, lafiya? Yau kotu ba ta zauna ba, kuma ga hannun rigata da layi biyu."

Bai taɓa roƙon lauya komai ba, yana alfahari da hakan. Ya jira sauran suka fita, sannan ya zayyana mata, idonsa a kan tebur. Ta saurara har ƙarshe, ta dafe goshi.

"Baba, hukuncin gidan burodin gaskiya ne, ba ka yi ƙarya ba. Amma hukunci ba shi da ƙafa. Ba ya tashi daga kan kanta ya shiga kotu ya tsaya wa mutum. Sai wani ya ɗauke shi ya kai, ya ce ga shi, kuma ga yadda ya yi daidai da tawa matsalar. Shi alƙali ina ya san injin ya riga Malam zuwa, tunda ba wanda ya gaya masa?"

"Amma ku da kanku kuke cewa hukuncin babba ya ɗaure ƙarami."

"Muna faɗa. Abin da ba ma faɗa a shagonka shi ne dole ka je, don mu a wurinmu wannan ba abin faɗa ba ne. Wanda yake cikin ruwa ba ya cewa a jiƙa."

Ya jingine dutsen. Shekara da shekaru yana tsintar abin da suke gardama a kai, bai taɓa tunanin akwai abin da ba sa gardama a kai ba.

"Akwai hanya?"

"Akwai, amma siririya. Za mu roƙi alƙali ya jingine hukuncin ya saurare ta. Zai tambayi me ya hana ta zuwa. In ta ce ba ta sani ba, ƙarya ne, an ba ta sammaci a hannu. Sai dai wanda ya hana ta ya zo ya faɗa da bakinsa." Ta saɓa rigar a kafaɗa. "A ciki, Baba. Ba a benci ba."

Ranar da aka sa, matarsa ta fito masa da rigar da ya goge da kansa har sau biyu. Ba ta yi masa tsiyar Allah ya ja zamanin kotu ba, sai ta ce Allah ya ba da sa'a. Ya riƙo wa Yaya jaka suka tsallaka titi. Ɗan sandan ƙofa ya washe baki, "A'a, Babban Joji da kansa! Yau duba aiki aka zo?" Ya sunkuyar da kai ya wuce.

Ɗakin ya fi yadda yake zato ƙanƙanta. Fanka ɗaya na kuka a sama, fentin bango ya ɓare ta gefen taga. A gaba lauyoyi sun jeru sun ba shi baya, sai ya samu kansa yana ƙirga kafaɗu. Riga goma sha ɗaya, tara gugarsa ce. Hakan ya ɗan kwantar masa da hankali, kamar ya shiga baƙon gari ya ga 'yan'uwa. Ta lauyan Malam ba tasa ba ce, kuma an ƙona ta kaɗan a wuya.

Aka kira shi ya tsaya a wurin shaida, aka rantsar da shi. Alƙalin dattijo ne mai tabarau a kan hanci.

"Sana'arka?"

"Guga, ranka ya daɗe."

Wani daga cikin lauyoyi ya ce ƙasa-ƙasa, "Babban Joji ne, ya mai shari'a," dariya ta ɗan tashi, alƙali ya ɗaga ido ta mutu.

Barista ta yi masa tambayoyi ya amsa. Sannan lauyan Malam ya miƙe yana gyara riga.

"Wace makarantar koyon shari'a ka yi?"

"Ban yi ba."

"Amma kana ba mutane shawara?"

"Ina faɗin abin da na ji."

"Ka ce mata kada ta amsa kiran kotu?"

Ya dubi Yaya, ta dunƙule cikin mayafi a kan benci, ta ƙanƙance. "Ni na ce. Sau biyu. Ta tambaye ni ko sai ta je, na ce a'a. Ba raina kotu ta yi ba, ranka ya daɗe, tsoronta take ji. Ita ta goya ni, in na ce mata fari ba ta duba. Laifin nan nawa ne, injin kuma nata ne da marayu uku."

Alƙali ya yi rubutu mai tsawo. Kafin ya ɗago, Malam ya ɗaga hannu daga inda yake zaune, tsoho siriri mai tsabtar kaya, ya nemi izinin magana. Lauyansa ya yi masa alamar ya zauna, bai zauna ba.

"Ya mai shari'a, ni ba mugu ba ne. Matata ba ta da lafiya, tana kwance, gadonta na jikin bangon nan. In injin ya tashi, kofi ma rawa yake a kan tebur. Na je na yi magana sau da yawa, ƙarar injin ba ta bari a ji ni ba. Tunda aka rufe, ta samu barcin rana. Amma jiya ta ce min ba ta jin daɗin barcin, don ta san abin da ya jawo."

Babban Joji ya juya ya dubi tsohon. A benci, mutumin nan sunansa mai ƙara kawai. Bai taɓa tambayar me ke bayan bangon ba.

Alƙali ya ce rashin sani ba hujja ba ce, kuma wanda aka kira ya zo ko da yana ganin gaskiya tasa ce. Amma ba ya son ya yanke wa mace hanyar abincinta bai ji ta bakinta ba. Ya jingine hukuncin, ya ce a cire kwaɗo, ya sa ranar sauraro, ya kuma ce in maƙwabtan biyu sun daidaita kafin nan, su zo su gaya masa. Sannan ya dubi mai guga ta saman tabarau.

"Kai kuma, ka ci gaba da sauraro. Amma duk wanda ya kawo maka takarda mai hatimin kotu, ka nuna masa ƙofar nan."

"Na ji, ranka ya daɗe."

A waje, Yaya ce ta fara zuwa wajen Malam, ta rusuna ta tambayi mai jiki. Ya ce da sauƙi. Suka tsaya cirko-cirko, sai mai faci, wanda ya rufe wurinsa ya biyo su, ya tsoma baki.

"Wai injin nan a kan me yake zaune?"

"A kan siminti mana," in ji Yaya.

"Jikin bangon Malam?"

"To ina zan sa shi?"

"Ba ki da ɗaki ta baya? Ni kuma ina da tsofaffin tayoyi sun fi ƙarfin faci."

Ranar hutu aka yi aikin. Maza shida suka ciccibi injin, direba na ba da umarni bai taɓa komai ba, suka kai shi ɗakin ajiya da ke can ƙarshen gida. Mai faci ya yanka taya huɗu ya shimfiɗa a ƙasa aka ɗaure ƙafafun a kai. Yaya ta yi alƙawarin kashewa daga azahar zuwa la'asar. Babban Joji ya fi kowa ɗaukar nauyi, rigarsa ta yi baƙi da mai, bai ce uffan ba a kan abin da doka ta tanada.

Da aka gama, Malam ya ce a dakata. Ya koma gidansa ya shiga ɗakin matarsa, ya aiko a ce a kunna. Yaya ta ja igiya, injin ya yi tari sau biyu ya kama. Kowa ya zuba wa ƙofa ido. Can sai ga Malam ya fito da kofi cike da ruwa a hannu.

"Na ajiye shi a kan tebur, ko motsi bai yi ba. Ta ce a gaishe ki, kuma wai tana da hatsi mudu biyu tun wancan makon."

Yaya ta rufe fuska da ɗankwali, kafaɗunta na rawa, ba a san dariya take ko kuka ba. Mai faci ya zunguri Babban Joji da gwiwar hannu.

"To Joji, ba ka ce komai ba. Yaya hukuncin?"

"Sai mun koma mun gaya wa alƙali," in ji shi. "Da ƙafarmu."

"Auta!" Yaya ta ɗaga murya ta saman ƙarar injin. "Bar surutu, je ka karɓo min hatsin matar Malam."

Ya goge hannu a jikin riga, ya ɗauki kwano ya bi Malam.